Manhajar ƴanci: yadda GNOME da KDE suka yarda da tiya ɗaya

Idan kun taɓa shiga ma'aikatar magajin gari, ko gidan rediyon karkara, ko shagon buga takardu a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, kun ga kwamfuta a bisa tebur. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso gare mu. Galibinsu suna tafiya ne da Windows, na kamfanin Microsoft. A ranar 14 ga watan Oktoba na shekara ta 2025, kamfanin ya daina aiko da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa, wanda ya gaje shi, ba ya yarda ya hau tsofaffin kwamfutoci da dama. Ke nan ƙungiyar da ta yi shekara tana tara kuɗi ta sayi kwamfuta tana iya wayar gari da na'ura mai lafiya, amma wadda babu mai toshe mata ƙofofin da ɓarayin intanet ke shiga.

Akwai wata hanya, ita ce ta manhajar ƴanci. Sai dai wanda ya nufi wannan hanya zai tarar da sunaye barkatai: Linux, Ubuntu, GNOME, KDE, Xfce. Zai tambayi kansa: wanne zan ɗauka? In na ɗauki wannan, aikin da na yi zai buɗu a wancan? Wannan darasi zai ba ku labarin yadda aka yi amsar tambaya ta biyu ta zama "i".

Mi ake nufi da manhaja?

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, wadda ake taɓawa da hannu: allo, da madannan haruffa, da linzami, wanda Turawa ke kira kusu saboda kamarsa. Akwai kuma umurnin da ke gaya wa gangar jikin abin da za ta yi. Wannan umurni shi ne manhaja. Mutane ne ke rubuta ta, layi bayan layi, da wani irin harshe na musamman. Abin da suka rubuta shi ake kira rubutun tushe.

Kamfanoni da yawa suna sayar da manhaja, amma su ɓoye rubutun tushenta. Ku ɗauka kun sayi babur wanda aka liƙe injinsa da walda. Yana tafiya lafiya, amma ranar da ya lalace babu makanikin garinku da zai iya buɗe shi, sai kamfanin da ya ƙera shi kaɗai. In kamfanin ya ce ya daina gyaran irin wannan babur, magana ta ƙare.

A shekara ta 1983, wani masani a Amurka mai suna Richard Stallman ya ƙi yarda da wannan tsari. Ya soma wani aiki da ya kira GNU, don a rubuta manhajar da kowa zai iya buɗewa. Ya ce manhaja ba ta zama ta ƴanci sai ta ba mai ita izini huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya ga dama, ya karanta rubutun tushenta ya sake shi, ya ba wani kofinta, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. A 1989 aka fitar da lasisi, wato takardar izini, mai suna GPL. Sharaɗinta shi ne duk wanda ya karɓi manhajar ya gyara, in zai ba wasu, to ya ba su da ƴancin da shi ma ya samu. A 1998 wasu suka fito da wani suna, "buɗaɗɗen tushe", don ƴan kasuwa su saki jiki da abin. Sunayen biyu kusan kaya ɗaya suke nufi.

Ku lura da abu ɗaya. Ƴanci daban, kyauta daban. A Ingilishi kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anonin biyu, shi ya sa ake yawan ruɗewa. Hausa da Faransanci sun raba su. Galibin manhajar ƴanci ana samunta ba tare da biyan ko dala ba, amma mai saka muku ita da mai koya muku aiki da ita suna da haƙƙin guminsu.

A 1991, wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wato sashen da ke magana kai tsaye da gangar jikin na'ura. Ita ce Linux. Da aka haɗa ta da kayan GNU sai aka samu cikakken tsari. Wataƙila Linux tana cikin aljihunku yanzu haka, domin duk wayar Android a kanta take tafiya. Wasu ƙungiyoyi kuma suna tattara zuciyar da sauran manhajoji su ɗaure su dami guda, a saka a kwamfuta lokaci ɗaya. Debian ta soma a 1993. Ubuntu ta fito a 2004, a ƙarƙashin Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, kuma sunan nata kalma ce ta harsunan can mai nufin mutuntaka.

Shimfiɗa

Ɗan kasuwa in ya iso rumfarsa, yakan shimfiɗa tabarma ya jera kayansa, kowane a wurinsa, don mai saye ya gani ya nuna. Haka ma kwamfuta. Abin da kuke gani in kun kunna ta, wato tagogi, da ƙananan hotunan da ake latsawa, da jerin sunayen manhajoji, da agogo, da kwandon shara, shi ne za mu kira shimfiɗa a wannan darasi. Turawa suna kiransa da sunan teburin aiki.

A Windows shimfiɗa ɗaya ce, kamfani ne ya zaɓa muku. A Linux ba haka ba ne. Tun 1984 akwai wani tsari mai suna X, da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka, wanda ke zana tagogi a bisa allo. Amma X bai ce ga yadda taga za ta kasance ba, ko inda za a ajiye kaza. Kowane marubucin manhaja ya yi yadda ya so. Sakamakon haka, wanda ba gwani ba ne yakan rasa inda zai sa hannu.

A watan Oktoba na 1996, wani ɗalibi a jami'ar Tübingen ta ƙasar Jamus, Matthias Ettrich, ya yi kira ga masu sha'awa su zo a gina shimfiɗa guda mai tsari, wadda mutum zai iya amfani da ita ko bai san sirrin kwamfuta ba. Aka sa mata suna KDE. Fitowarta ta farko cikakkiya ta zo a watan Yuli na 1998. Sai dai akwai wani ƙulli. Mai gini yana bukatar tubali, kuma tubalin da KDE ta ɗauka, mai suna Qt, mallakar wani kamfani ne na ƙasar Norwe, Trolltech. A lokacin lasisinsa bai cika sharuɗɗan ƴanci ba. Wasu suka ce: ina amfanin gina gidan ƴanci da tubalin da ba namu ba?

Saboda haka a watan Agusta na 1997, samari biyu ƴan ƙasar Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka soma wata shimfiɗar, GNOME, da wani tubalin mai suna GTK, wanda ke da cikakken ƴanci. Ta fito a watan Maris na 1999. Nan fa aka ja daga. Kamfanin Red Hat na Amurka ya goyi bayan GNOME. SUSE na Jamus da Mandrake na Faransa suka riƙe KDE. Debian ta cire KDE daga daminta na wani lokaci saboda maganar lasisi.

A watan Satumba na shekara ta 2000, Trolltech ya saki Qt a ƙarƙashin GPL. Dalilin rigimar ya kau. Kuna tsammani daga nan sai a haɗe? Ba a haɗe ba. Kowane ɓangare ya riga ya yi shekaru yana gini, yana da mutanensa, da kuma ra'ayinsa game da abin da ya fi dacewa da mai aiki. Mutanen KDE suna son a ba mutum damar sake kusan kowane abu da kansa. Mutanen GNOME, musamman daga 2002, suna son a rage zaɓi don kada a ɗora wa mutum nauyi. Har yau wannan bambanci yana nan. Ga kuma wasu shimfiɗun a gefe, kamar Xfce, wadda wani Bafaranshe, Olivier Fourdan, ya soma a 1996, mai sauƙin nauyi.

Wa ya sha wuyar rigimar?

Mai aiki da kwamfuta ne ya sha ta. Mu ɗauki misalin magatakardar wata ƙungiyar mata masu bankin hatsi, a wajajen shekara ta 2000. Kwamfutarta tana da shimfiɗar KDE, amma manhajar lissafin da ta fi ganewa ta gidan GNOME ce. Manhajar za ta buɗu, domin duka biyun a kan X suke zaune. Daga nan sai ƙananan matsaloli su soma. Ta nemi sunan manhajar a jerin manhajoji, wani lokaci ba ta gan shi ba, domin kowace shimfiɗa tana da nata kundin. Ta kwafi sunan wata mamba daga wannan taga don ta liƙa a waccan, sai wani rubutu daban ya fito. Ta jefa takarda a kwandon shara cikin kuskure, ta je nema, ta tarar kwanduna biyu ne, kowane a nasa lungu. Ta latsa hoto, wannan gida ya buɗe shi da wata manhaja, wancan da wata.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai babbar masifa. Amma wanda ya koyi karatu da girmansa, ya zauna gaban kwamfuta da fargaba, in abu ya ƙi sau uku sai ya ɗauka laifinsa ne, ya tashi. Alhali kuwa laifin na magina ne da ba su yi shawara da juna ba.

Tiya ɗaya

Ku duba kasuwar hatsi. Masu awo suna gasa, kowa yana kiran mai saye zuwa wurinsa, kowa da farashinsa da irin geronsa. Ba wanda ya ce su zama ɗan kasuwa ɗaya. Amma in kowa ya zo da tiyarsa mai girma daban, ciniki ba zai yiwu ba. Abin da ake bukata shi ne a yarda da ma'auni.

Wannan ne tunanin da Havoc Pennington, ma'aikacin Red Hat kuma ɗaya daga cikin maginan GNOME, ya zo da shi a watan Maris na shekara ta 2000, lokacin da ya buɗe dandalin freedesktop.org. Da farko ana kiran taron da wani suna da aka taƙaita XDG, kuma har yanzu za ku ga waɗannan haruffa uku a sunayen abubuwa da yawa cikin Linux. Dandalin ba hukuma ba ne. Ba shi da ikon tilasta wa kowa. Magina daga gidaje daban-daban suna rubuta yarjejeniya a kan abu guda, su yi ta gardama har su daidaita, sannan kowa ya koma gida ya gyara nasa ginin. Yarjejeniyar da ba a bi ba takan mutu da kanta.

Bari mu buɗe ɗaya mu ga cikinta, domin tana da sauƙin ganewa. Kowace manhaja tana zuwa da wata ƴar takarda, kamar katin shaida, wadda sunanta ke ƙarewa da .desktop. A ciki an rubuta sunan manhajar, da ɗan hotonta, da umurnin da ke tayar da ita, da rukuninta (ta ofis ce, ko ta ilimi, ko ta hotuna), da irin takardun da take iya buɗewa. Asalin wannan tsari daga KDE ya fito, GNOME ta karɓa, aka gyara shi tare. Kowace shimfiɗa tana karanta wannan kati, ta jera manhajar a inda ya dace bisa nata salon. Marubucin manhaja ya rubuta kati ɗaya, ya huta.

Akwai abin da ya shafe mu a cikin katin. Ana iya rubuta sunan manhajar da harsuna da yawa, kowane harshe da layinsa da alamarsa. Alamar Faransanci ita ce fr, ta Larabci ar, ta Hausa kuwa ha. In wani ya fassara sunan zuwa Hausa sau ɗaya, fassarar za ta bayyana a GNOME, da KDE, da Xfce, ga duk wanda ya zaɓi Hausa a kwamfutarsa. Harshe irin namu, wanda masu fassara manhaja zuwa gare shi ba su da yawa, ba zai iya ɗaukar yin aiki ɗaya sau uku ba.

Maganar kwafa da liƙawa kuwa, tushenta shi ne X yana da aljihu fiye da ɗaya na ajiye abin da aka kwafa. Ɗaya yana ɗaukar duk rubutun da kuka shafa da linzami, ɗaya kuma sai kun ba da umurnin kwafa. Gidajen ba su fahimci aikin aljihunan iri ɗaya ba. Aka rubuta bayani a fili, kuma da KDE 3 ta fito a 2002 matsalar ta kau. Jerin manhajoji ya daidaita tsakanin 2004 da 2005. Kwandon shara ya zama ɗaya bayan GNOME ta bi yarjejeniyar a 2008, KDE ta riga ta. A shekarar nan kuma KDE ta karɓi kundin da GNOME ta riga ta soma amfani da shi na gane irin takarda, wato wannan hoto ne, wannan sauti ne, wannan wasiƙa ce. Kun ga ba rana ɗaya aka yi ba. Shekara takwas aka ɗauka kafin matsalolin magatakardarmu su ƙare.

Babban aikin da ya fi wuya shi ne na manzo. Manhajoji suna bukatar aika wa juna saƙo. In kun soka ƴar ma'ajiyar USB a gefen kwamfuta, dole wani ya sanar da shimfiɗa don ta nuna muku ita. In batir ya kusa ƙarewa, dole wani ya yi shela. KDE tana da nata manzon, DCOP. GNOME tana da nata, wanda aka gina a kan wani tsari mai nauyi, CORBA. Manzannin biyu ba sa jin harshen juna. A 2002 aka soma gina sabon manzo, D-Bus, a dandalin freedesktop.org. Pennington na GNOME yana cikin jagororin aikin, amma an kwaikwayi fasalin DCOP na KDE, domin shi ya fi sauƙi. D-Bus ya kammala a watan Nuwamba na 2006. Da KDE 4 ta fito a watan Janairu na 2008, ta ajiye DCOP ta ɗauki D-Bus, GNOME ma ta bar nata a hankali. A ganina nan ne aka yi abin a yaba: kowane gida ya bar abin da ya gina da hannunsa, kuma mutumin wannan gida ya yarda dabarar wancan ta fi tasa.

Wasu kayan kuma an mai da su na tarayya, kamar rijiyar unguwa. Poppler, wanda ya fito a 2005, shi ne injin da ke karanta takardun PDF, kuma manhajar karatu ta GNOME da ta KDE duka da shi suke aiki. Fontconfig shi ke nemo siffofin haruffa. In siffar da kuka zaɓa ba ta da ɗ ko ƙ, zai aro su daga wata siffar, maimakon ya bar muku ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma. Haka kuma kundin tsarin madannai ɗaya ne ga dukan shimfiɗu, kuma a cikinsa akwai tsari biyu na Hausa, ɗaya da sunan Najeriya, ɗaya da sunan Gana, masu ba da haruffanmu masu lanƙwasa.

Har taro suka yi tare. Kowane gida yana da taronsa na shekara, na GNOME ana kiransa GUADEC, na KDE Akademy. A watan Yuli na 2009 aka haɗa su wuri guda a tsibirin Gran Canaria na ƙasar Sifen, wanda ke cikin teku daura da gaɓar Afirka ta arewa maso yamma. Aka maimaita a Berlin a 2011. Tun 2019 kuma suna shirya wani taro tare a kan manhajojin Linux.

Abin da bai daidaita ba

Kada ku ɗauka an zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A 2002 Red Hat ya gwada yi wa shimfiɗun biyu ado iri ɗaya, har mutum ya kasa bambanta su, sai mutanen KDE da yawa suka fusata, suka ce an shafe musu kamanni. A 2011 GNOME 3 ta fito da fasali sabo ƙal, wanda bai yi wa kowa daɗi ba. Waɗanda suka fi son tsohon suka ɗauki rubutun tushensa suka ci gaba da shi da sunan MATE. Mutanen Linux Mint suka gina Cinnamon. Ubuntu ta yi tata, Unity, kafin ta koma GNOME a 2017. Maimakon shimfiɗu su ragu, sai suka ƙaru.

Shi kansa Linus Torvalds ya yi ta ƙaura. A 2005 ya shawarci mutane su yi amfani da KDE. Da KDE 4 ta fito da ƴan matsaloli ya koma GNOME. A 2011 ya bar GNOME 3 ya tafi Xfce, daga baya ya dawo. Mutane sun yi dariya, amma ku lura da abin da labarin ya nuna: ya sake shimfiɗa sau da yawa ba tare da ya bar Linux ba.

Gaskiya yawan shimfiɗu yana da tsada. Ƙarfin da za a haɗa wuri ɗaya ya rarrabu, mai koyarwa kuma ba zai iya rubuta littafi ɗaya da ya dace da kowace kwamfuta ba. Har yanzu kwamfutocin tebur masu Linux ƙalilan ne in an gwada da masu Windows. Amma wannan yawan ne ya sa kwamfutar da ta tsufa take samun shimfiɗa daidai ƙarfinta.

Yanzu ma ana cikin wata ƙaura. X ya tsufa, kuma ba ya hana wata manhaja leƙen abin da kuke rubutawa a wata. A 2008 Kristian Høgsberg ya soma magajinsa, Wayland, shi ma a dandalin freedesktop.org. Fedora ta mai da shi zaɓin farko ga GNOME a 2016, shimfiɗar KDE kuma, wadda yanzu ake kira Plasma, ta yi haka a watan Fabrairu na 2024. Tsofaffin manhajoji suna ci gaba da aiki ta wata gada mai suna Xwayland. Sai dai an sake samun saɓani, misali a kan wa zai zana goshin taga, inda sunanta da alamar rufewa suke. KDE ta yarda shimfiɗa ta zana, GNOME ta ce aikin manhaja ne. Shi ya sa wani lokaci za ku ga taga biyu kusa da juna da goshi daban.

Akwai kuma Flatpak, wanda ya samu wannan suna a 2016. Hanya ce ta ƙunshe manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowane dami na Linux. Manhajar tana zaune a killace. In tana son buɗe takardarku, sai ta roƙi shimfiɗa, shimfiɗa ta nuna muku tagar zaɓe irin tata, ku ba da izini. Dabara ce mai kyau, amma ku sani kayan Flatpak suna da nauyin saukewa, musamman karon farko. Wanda ke sayen intanet da awo ya yi lissafi tukuna.

In kuna son gwadawa

Kada ku soma da goge Windows. Jandarmomin ƙasar Faransa, waɗanda suka mai da dubban kwamfutocinsu zuwa Ubuntu, ba su yi tsalle ɗaya ba. A 2005 suka fara da sake manhajar rubuta wasiƙu da lissafi, daga baya ta shiga intanet, duk a cikin Windows. Sai a 2008 suka soma sake tsarin gaba ɗaya, lokacin da ma'aikata suka riga suka saba. Ku ma kuna iya saka LibreOffice da Firefox a kwamfutarku ta yanzu, ku yi wata biyu ko uku kuna aiki da su. Su ɗin ne za ku tarar in kun ƙaura. LibreOffice tana ajiye takardu da tsarin OpenDocument, wanda hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006. Tana kuma buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci jerin shafi yakan ɗan goce.

Game da zaɓen shimfiɗa, ku dubi ƙarfin na'urarku. Kwamfutar da ta tsufa ƙwarai, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ta fi jin daɗin Xfce ko LXQt, waɗanda ke zuwa a cikin Xubuntu da Lubuntu. Wanda hannunsa ya saba da Windows zai fi saurin gane Plasma ko Cinnamon. GNOME tana da manyan alamomi da zaɓi kaɗan, tana ɗan kama da wayar hannu, amma tana son na'ura mai ɗan ƙarfi. Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne: wacce ce mai gyaran kwamfuta na garinku ya sani? In cibiyarku tana da kwamfuta biyar, ku sa musu shimfiɗa iri ɗaya don malami ya koyar sau ɗaya.

Kafin a taɓa kome, ku kwashe takardunku duka zuwa wata ma'ajiya ta daban, ku buɗe kaɗan daga cikinsu a wata kwamfutar don ku tabbata sun kwafu. Ku kuma tambaya ko akwai wata manhaja ta dole a aikinku wadda Windows kaɗai take hawa, kamar wadda wata ma'aikata ko wani mai ba da tallafi ya ce a riƙa cika rahoto da ita. In akwai, ku bar kwamfuta ɗaya da Windows saboda ita.

Sannan ku roƙi mai gyara ya tayar da Linux daga ma'ajiyar USB, ba tare da ya saka ta cikin kwamfutar ba. Ana iya haka, kuma in an zare ma'ajiyar aka sake kunnawa, kome zai koma yadda yake. Ku zauna da kanku gaban allon. Ku gwada na'urar buga takardu, da sauti, da intanet. Ku sa a zaɓa muku madannan Hausa, ku rubuta ɓarawo, ɗaki, ƙasa, ƴaƴa, ku ga ko haruffan sun fito daidai. Ku kwafi layin daga wannan taga ku liƙa a wata. Ku ajiye takardar, ku jefa ta kwandon shara, ku maido ta. In mai gyaran yana da wata ma'ajiyar mai shimfiɗa daban, ku tayar da ita, ku buɗe takardar nan a can, sannan ku zaɓi wadda idonku da hannunku suka fi sakewa da ita.